Yadda Ake Kallon Hasken Kudancin Duniya Daga Sararin Samaniya

Wanda ke cikin Tashar Sararin Samaniya ta Ƙasa da Ƙasa, kimanin kilomita 400 daga doron ƙasa, yana kewaya duniya ne cikin minti 90, kuma darensa bai cika wuce minti 35 ba. Saboda haka mai son ganin hasken nan mai launuka da ke bayyana da dare a saman kudancin duniya, wanda masana ke kira aurora australis, dole ne ya kammala shiri tun kafin rana ta faɗi.

A fara da duba hanyar da tashar za ta bi. Ba ta wuce digiri 51.6 ta kudu, don haka inda aka fi dacewa shi ne kudu da Ostireliya da Niyu Zilan, domin ta wajen nan ne ƙarshen maganaɗisun duniya na kudu ya karkata, a kewayensa kuwa hasken ke bayyana. Watannin Mayu zuwa Agusta sun fi, lokacin da dare ke tsawo a can, musamman idan babu farin wata kuma rana ta yi aman ƙwayoyinta masu caji, waɗanda ke haddasa hasken, kamar yadda ta yi a Mayun 2024.

Daga nan sai a shiga Cupola, ɗakin nan mai tagogi 7 da aka girka a 2010, a kashe fitilu, a rufe fuskokin kwamfuta, a yafa baƙin ƙyalle a baya don kada haske ya faɗo kan gilashi. Wannan, a ganina, shi ne matakin da bai kamata a yi wa sakaci ba, domin ido yana bukatar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu, ɗan haske kaɗan kuwa ya isa ya mayar da hannun agogo baya.

A dubi gefen duniya ta kudu. Za a ga kore shimfiɗe a ƙasa, kilomita 100 da 'yan kai daga doron ƙasa, yana kaɗawa kamar labulen da iska ke bugawa, ja kuma yana tashi a samansa har kusa da tsayin tashar. Dukansu daga iskar oksijin suke, shuɗin da ke bakin labulen kuwa daga naitirojin.

Mai ɗaukar hoto ya kafe kyamara, ya buɗe idonta sosai, ya taƙaita lokacin ɗauka, tunda tashar tana gudun kusan kilomita 28,000 a awa. Kafin gari ya waye, a ɗaga ido sama da hasken, inda taurari ke tsaye cak ba sa ƙyaftawa, domin babu iskar da za ta girgiza haskensu.