Kurakuran da aka fi yi a ziyarar gonar koko da haɗa cakulan a gida

Duk wanda ya tashi a Aboabo, Asawase ko Sabon Zango ya saba ganin manyan motoci maƙare da buhunan koko suna ratsa Kumasi zuwa Tema ko Takoradi. Amma kaɗan ne a cikinmu suka taɓa tsayawa a gindin bishiyar. Yanzu makarantu da ƙungiyoyin matasa da mata masu sana'ar kayan zaƙi suna shirya ziyarar gona don su ga yadda ake cakulan, kuma da yawa suna dawowa da hotuna masu kyau ba tare da sun ga abin da ya kai su ba. Dalilin kusan ɗaya ne kullum: sun tafi neman cakulan, alhali abin da gona ke koyarwa shi ne yadda ake saka wa ƙwaya ɗanɗano tun kafin ta ga injin.

Sunan gari da ranar tafiya

A fara da abin da ke ɓatar da mutanen Kumasi tun daga tasha. Gonar Tetteh Quarshie, wanda ya kawo irin koko daga tsibirin Fernando Po ya shuka a 1879, tana Mampong ta Akuapem ne, gaba da Aburi, kusa da Accra. Ba Mampong ta Asante ba ce da muke hawa motarta a nan. Haka ma cibiyar binciken koko ta ƙasar Ghana, wadda aka kafa a 1938, tana Tafo ta ƙasar Akyem, ana ratsewa daga mahaɗar Bunso a kan hanyar Accra. Ba Tafon da ke cikin Kumasi ba ce. Idan tarihi ake so, a je waɗannan wurare biyu, kuma a rubuta wa cibiyar takarda tun da wuri. Idan kuwa aiki ake so a gani, gonar talaka a wajen Offinso, Nkawie, Tepa ko Konongo ta fi amfani, ta kuma fi kusa.

Sai lokaci. Babban girbi yana kamawa ne daga Oktoba zuwa wajen Janairu, ƙarami kuma tsakanin Mayu da Agusta. Mutane da yawa suna ɗaura ziyararsu a kan 14 ga Fabrairu saboda ita ce ranar cakulan ta ƙasa, su tarar da bishiyoyi kusan fayau, babu tulin ƙwayar da ake rufewa da ganye don ta tsimu, babu shanya. Nuwamba ta fi. A kuma tambayi ranar hutun ƙauyen, domin a garuruwan Asante da yawa ba a shiga gona ranar Alhamis, wasu kuma suna da wata ranar tasu. Wanda ya isa da mota cike da yara a irin wannan rana zai koma yadda ya zo.

Tambayar da za a yi wa manomi a waya ba "yaushe za mu zo?" ba ce. A ce masa: "Baba, wace rana za ku fasa koko, wace rana kuma za ku juya tuli?" A kan amsarsa ake tsayar da rana.

Akwai kuma batun wanda ake neman izini a wurinsa. Sau da yawa wanda kake gani a gona mai kula ne kawai, yana aiki a tsarin abusa, inda yake ɗaukar kashi ɗaya cikin uku na amfanin. Da yawansu 'yan arewa ne, Hausa za ku yi da su, shi ya sa ake saurin sakin jiki a manta da mai gonar. A nemi yardar su biyun, a gaishe da dattijon gari, a kuma biya mai kula ladan yininsa, domin ranar aikinsa ce aka ci.

A cikin gona

Furen koko a jikin kututture da manyan rassa yake fitowa, daga wani ɗan kumburi da ke sake yin fure kowace shekara. Wanda ya murɗe kwanso da hannu, ko ya fizge shi, ya yage wannan kumburin, wurin kuma zai iya daina haihuwa. Da wuƙa mai kaifi ko adda ake yanke mariƙin kwanson, na sama kuma da ƙugiya mai dogon sanda. Baƙo ya bar wa mai gona wannan aikin, kuma kada a miƙa wa yaro adda don a ɗauki hoto. Daga fure zuwa nuna wata 5 zuwa 6 ne. Koren kwanso yana komawa rawaya, jan kuma yana komawa ruwan lemo, don haka ja ba alamar nuna ba ne.

A lura da kwanson da ya yi baƙi, wannan cutar ruɓa ce da ke yaɗuwa da damina, a kuma tambayi manomi ya nuna ɓarnar ƙwaron da suke kira akate. Idan an yi feshi kwanan nan, a ɗage tafiyar. Kada a ɗauki reshe ko dashe daga wata gona zuwa wata, saboda cutar kumburin reshe, wadda maganinta kawai sare bishiya ne. Takalmi rufaffe da dogon wando dole ne, ƙarƙashin busasshen ganyen nan akwai tururuwa, wani lokaci har maciji.

Idan an fasa kwanso za a ga ƙwaya 30 zuwa 40 lulluɓe da farin nama mai zaƙi da ɗan tsami. A tsotse naman, kada a tauna ƙwayar. Wanda ya tauna zai ji bauri da ɗaci irin na ɗanyen goro, kuma ba mamaki, dangi ɗaya ne koko da goro. Wannan baurin shi ne darasin farko: babu ƙamshin cakulan ko kaɗan a ɗanyar ƙwaya. Da kulki ake so a fasa, domin adda tana yanka ƙwaya, ta nan kuma fumfuna ke shiga.

Tulin da ake wucewa ba a duba ba

Nan ne babban kuskuren yake. A gefen gona akwai wani tuli rufe da ganyen ayaba ko agade, yana tashin tsami, ƙudaje na binsa, baƙi su toshe hanci su wuce. To a cikin wannan tulin ake yin cakulan. Duk wadda ta taɓa ganin yadda ake rufe kalwa ta zama daddawa ta riga ta fahimci rabin al'amarin.

Ana shimfiɗa ganye a ɗan gangare, a zuba jiƙaƙƙiyar ƙwaya a ranar da aka fasa, a cire jijiyar tsakiya da ƙwayoyin da suka yi baƙi ko suka tsiro, a rufe da ganye a danne da itace. A kwana biyun farko zaƙin naman yana tsima, ruwa yana tsiyayewa ta ƙasa. Bayan awa 48 a buɗe a juya, iska ta shiga, tsamin ya koma irin na binigar, zafi ya hau zuwa digiri 45 har 50. Zafin nan da tsamin su ke kashe ƙwayar, su rage bauri, su haɗa abubuwan da za su zama ƙamshi idan an soya. Bayan wasu awa 48 a sake juyawa. Ranar shida a kwashe. A roƙi manomi ya ɗaga ganye, a cusa hannu har wuyan hannu. Wanda ya ji wannan ɗumin ba zai sake tambayar amfanin tulin ba.

Abubuwan da ke ɓata shi sanannu ne. Gaggawar kuɗi tana sa a kwashe a kwana 3, ƙwaya ta fito da bauri. Rashin juyawa yana sa tsakiya ta yi, gefe bai yi ba. Wuce kwana 7 yana kawo wari irin na ruɓaɓɓen nama wanda babu sukarin da zai rufe shi. Ƙaramin tuli kuma ba ya riƙe zafi. Shi ya sa masu dawowa gida da kwanso biyar su zuba a roba suke samun fumfuna kawai. Tulin da bai kai kilo 25 ba da wuya ya yi kyau.

Shanya kuma a kan tabarmar gora ake yi, ɗage daga ƙasa, kwana 7 zuwa 14 gwargwadon rana, ana motsawa ana tsince datti, ana naɗewa da dare ko idan hadari ya taso. Ana so danshi ya sauka zuwa wajen kashi 7.5 cikin 100. A damƙi ƙwaya a matse: busasshiya tana ƙaras-ƙaras, ɓawonta na fashewa. Wadda aka busar a kan wuta tana ɗaukar hayaƙi har abada.

Kafin a bar wurin a yi gwajin yanka. A ɗebi ƙwaya 50 a tsaga kowace a tsaye. Mai launin ƙasa-ƙasa da tsage-tsage a ciki ta tsimu. Mai shunayya ba ta gama ba. Mai launin toka, a cure kamar dutse, ba ta tsimu ba sam. A ma'aunin daraja ta ɗaya, mai fumfuna ba ta wuce 3 cikin 100, mai toka ma haka.

Sayen ƙwaya

Koko ba kamar masara ba ne da za ka yi ciniki a bakin gona ka ɗora buhu a mota. Cinikinsa yana ƙarƙashin hukumar koko ta ƙasa, wato COCOBOD, kamfanoni masu lasisi ne ke saye ta hannun akawunsu na ƙauye, a buhu mai kilo 64. Mai niyyar sana'a ya nemi hukumar ta nuna masa halastacciyar hanyar samun ƙwaya, ya kuma yi rajista da hukumar abinci da magunguna kafin ya fara sayarwa. Abin da aka samu a ajiye shi a buhun algarara, nesa da kananzir, busasshen kifi da daddawa. Fiye da rabin ƙwayar mai ne, mai kuwa yana shan wari.

Bayan an dawo gida

Suya ta gyaɗa ce ke cutar mutane a nan. Koko ba ya son wuta mai ƙarfi: digiri 120 zuwa 140, minti 20 zuwa 30, a shimfiɗe ba a cunkushe ba. Idan ƙamshin tsami ya tafi, na cakulan ya taso, ɓawo yana saɓulewa tsakanin yatsu, ta yi. Ƙonanniya ba ta gyaruwa. Tsallake suyar ma kuskure ne, domin ƙwayar ta yi kwanaki a fili, zafin ne ke kashe ƙwayoyin cuta.

Idan ta huce a ɓarza a bakace da faifai. Daga kilo ɗaya a sa ran tsaba giram 750 zuwa 800. Ɓawon da ya rage a ciki yana sa tsakuwa-tsakuwa a baki.

Kada a kai wa mai injin niƙa na unguwa. Injin da ya niƙa barkono da jiƙaƙƙen masara da safe zai ba ka cakulan mai yaji, kuma danshinsa zai daskarar da shi. Turmi ko bilenda suna isa a yi ƙullin da za a dama a sha, amma cakulan mai santsi sai ƙaramin injin dutse da ke juyawa awa 24 zuwa 48. A ɗan ɗumama tsabar, a zuba kaɗan-kaɗan har ta narke ta zama ruwa, sannan a sa sukari. Ga awon kilo ɗaya na baƙin cakulan: tsaba giram 650, man koko 50, sukari 300. Na madara: tsaba 250, man koko 200, madarar gari 200, sukari 350. Madarar ruwa, zuma, ko jiƙaƙƙen cokali suna maida shi dunƙule nan take. Man gyaɗa ko bota kuma ba sa maye gurbin man koko, cakulan ɗin ba zai taɓa yin tauri ba.

Mataki na ƙarshe shi ne saita zafi, kuma ba a yin sa da ƙiyasi, sai da ma'auni. A narkar zuwa digiri 45 ko 50, a yi ta juyawa har ya sauka 27 ko 28, a ɗan ɗaga zuwa 31 ko 32 (na madara 29 zuwa 30), sannan a zuba a mazubi, a bubbuga iska ta fita. A gwada da bakin wuƙa: idan ya kama cikin minti 5 yana sheƙi, ya yi. Idan aka tsallake wannan, bayan kwana biyu zai yi fari-fari yana marmashewa. Ba lalacewa ya yi ba, a sake narkarwa a saita. Zafin Kumasi da rana yana kaiwa inda ba zai bari cakulan ya kama ba, don haka a yi aikin da asuba ko a ɗaki mai na'urar sanyaya, wajen digiri 20. Idan firij za a sa, minti 10 zuwa 15 sun isa a mazubi. Na ajiya kuma a naɗe shi a rufe a mazubi mai murfi, idan an fito da shi a bar shi ya sha iskar ɗaki kafin a buɗe, don kada raɓa ta sauka a kansa ta narkar da sukarin sama.