Kurakuran da aka fi yi wajen zubar da shara a Maraɗi da yadda za a gyara su

Da yawa daga cikinmu muna ɗora wa ma'aikatar magajin gari laifin sharar da ke taruwa a unguwanni, kuma lallai kwashe ta haƙƙi ne a kanta, amma wani ɓangare na matsalar yana farawa ne tun daga tsakar gida, kafin mai amalanke ya iso ƙofa.

Kuskuren da ya fi yawa, wanda kuma ba a cika lura da shi ba, shi ne haɗa shara da rairayi. Tsakar gidajenmu galibi yashi ne, don haka duk lokacin da aka yi shara da safe, ƙasa ce ke cika rabin buhu ko fiye. Wannan nauyin banza yana gajiyar da jaki da mai shi, yana rage yawan gidajen da za a kewaya a yini, sannan ya sa motar da ke kwashe juji ta ƙone mai wajen jigilar ƙasa. Gyaran ba shi da wuya: a huda gindin tsohuwar roba ko a samu rariyar waya, a tankaɗe sharar, a mayar da rairayin inda aka share shi. Gidan da ya jarraba haka mako guda zai ga bambanci.

Sai wanda ya fi kowanne ɓarna, wato juye shara a magudanar ruwa idan hadari ya haɗu, da zaton ruwa zai tafi da ita. Ruwa yana ɗaukar ta kam, amma ba ya kai ta nesa, domin leda takan maƙale a bakin kwalbati, yashi ya taru a bayanta, ruwan watan Agusta ya rasa hanya ya shiga gidajen laka. Abin da ya wuce kuma yana gangarawa ne zuwa Gulbin Maraɗi, inda ake noman lambun da muke ci. Mutanen wannan gari ba baƙi ba ne ga ɓarnar ruwa, tunda ambaliyar 1945 ce ta tashi tsohon garin daga fadama ya dawo kan tudu. Ruwan da ya kwanta saboda toshewa shi ne gidan sauro, kuma annobar amai da gudawa da ta auka wa jihar nan a 2018 da 2021 ta isa ta sa mu ji tsoron ƙazantar ruwa. A ɗaure shara a buhu, a jingine shi inda ruwa ba ya bi, har mai kwasa ya zo.

Ƙona shara da magariba ma kuskure ne, musamman idan akwai leda ko roba a ciki, saboda hayaƙinsu yana cutar da huhu, ya fi tsanani ga jarirai da masu ciwon asma. Game da leda, ya kamata a tuna cewa tun watan Nuwamba na 2014 Nijar ta kafa dokar hana ƙerawa da shigowa da sayar da leda marar kauri, kodayake kowa na ganin yadda take cike da kasuwa. Mahauta sun san yawan ledar da suke fitarwa daga tumbin awaki da shanu. Zuwa cefane da kwando ko jakar zane yana rage ta sosai.

Akwai kuma asarar da ake yi ba a sani ba. Ɓawon kayan miya, kashin dabbobi da toka taki ne da manoma ke nema, yayin da ƙarfe da goran-ruwa da tsofaffin robobi suke da masu saye a gari. Idan aka haɗa su da ruɓaɓɓen abinci, sun tashi daga kuɗi sun koma juji. A ware musu buhu dabam, a kuma bari toka ta huce sarai, domin garwashi guda yana iya cinna wa amalanke wuta. Fasassun kwalabe, reza da allura kuwa a sa su cikin gwangwani a rufe, saboda yawancin masu kwasa da hannu suke aiki, ba safa.

Idan an ɗauki mai amalanke, a biya shi kan lokaci, a kuma tambaye shi inda yake kai sharar, domin wani yakan juye ta a kangon da ke bayan layi. Haka nan a daina aiken ƙananan yara da bokitin shara da dare, tunda yaro ba zai wuce kwana ta farko mai duhu ba. In ba a san wurin da aka ware wa unguwa ba, a tambayi mai unguwa ko ofishin gundumar da ake ciki daga cikin gundumomi uku na birnin, kuma a can ne ake kai kuka idan juji ya cika ba a kwashe ba.