Kurakuran da muke yi game da mujiya, mage da ɓera

A unguwarmu cikin gari, in mujiya ta yi kuka kan soro da dare, da safe sai ka ga samari riƙe da danƙo suna nemanta, wai tsuntsuwar mayu ce. Ɓera kuwa gaba ta kai shi. Farar mujiyar nan da ke kwana a tsofaffin gine-gine kusan duk abincinta ɓeraye ne, kowane dare sai ta rage su. Macen ɓera kuma mako 3 take yi da ciki ta zubo 'ya'ya rututu, ga shi wani nau'in ɓera ne ke yaɗa zazzaɓin Lassa. Gyaran ba ya cin ko sisi: a bar mujiya ta yi aikinta.

Sai maganin ɓera. Wanda ya ci guba ba lallai ya mutu nan take ba, yakan yi ta tangaɗi a tsakar gida, shi ne kuma mage za ta fi saurin cafkewa. Haka muka rasa tamu, wata baƙa mai farin wuya, bayan an barbaɗa magani a wani sito kusa da mu. Ba a yi wata 2 ba ɓerayen suka dawo, magen ce ba ta dawo ba. Tarko ya fi. In kuma guba ta zama dole, a bi mushen a binne.

Akwai masu ganin in an ajiye mage an gama da ɓera. Ina! Mafarauci rage abin farautarsa yake yi, da wuya ya ƙarar da shi, don yawansa ma ya dogara ne da yawan abin da yake ci. A dazukan Kanada, zomo kan yi yawa ya ragu kusan kowace shekara 10, kyanwar dajin da ke cinsa tana biye da shi: zomo ya yi ƙaranci, ita ma yunwa ta rage ta. To ɓeran da ke da buhunan gero a buɗe da bola a bakin ƙofa, mage nawa za su ishe shi? Duk mai ajiye hatsi, a kasuwar Dawanau ta Kano ne ko a ɗakin girki, ya ɗora buhu kan katako, ya toshe ramuka da siminti, ya rufe mazubi.

Mafi tsada shi ne yi wa dabba hukunci da abin da ido ya gani kawai. A 1958 gwamnatin Mao a China ta sa aka yi wa gwara kisan kiyashi saboda tana cin hatsi. Ashe ƙwari take ciyar da 'ya'yanta. Fara da sauran ƙwari suka mamaye gonaki, suka ƙara wa yunwar waɗancan shekarun tsanani, har a 1960 aka cire gwara daga jerin halittun da gwamnatin ta sa a kashe.