Yadda ake zana jakin dawa ya saje da daji

A kasuwar kayan zane ta Lekki a Legas masu saye suna yawan tambayar hoton jakin dawa, alhali ba mu da shi a dazukan Najeriya. Gidansa gabashi da kudancin Afirka ne, irin su Kenya, Tanzaniya da Namibiya. Shi ya sa yaran da nake koya wa zane a Agege sukan jera masa layuka miƙaƙƙu kamar na tabarma, sai dabbar ta fito a sandare.

Da farko ka zaɓi iri, don uku ne. Na fili ratsinsa faffaɗa ne, yana zagayowa har ƙarƙashin ciki. Wanda ake kira Grevy, na arewacin Kenya da Habasha, ratsinsa sirara ne, cikinsa fari fat. Na ukun mazaunin duwatsu ne. Ɗan koyo ya fara da na fili.

Fitar da jikin da fensir, ka shafe shi da fari mai ɗan ruwan ƙasa, ka sa inuwa a ƙasan ciki da wuya. Bari ya bushe sarai. Danshin Legas da damina yana jinkirta fenti, in ka yi gaggawa baƙin zai malale.

Yanzu ratsin, kuma nan ne aikin yake. Ka riƙa bin tsoka da buroshi: a wuya da haƙarƙari a tsaye suke, wajen cinya su karkata su kwanta, a ƙafafu su zagaya kamar awarwaro. Wasu su rabu biyu, wasu su mutu a hanya. Su haura har cikin geza. Kowane jaki da nasa, kamar zanen yatsa, don haka kada ka kwafi ɗaya ka maimaita.

In garke kake zanawa, ka bar ratsin wannan ya shige na wancan har ido ya rasa inda ɗaya ya ƙare. Na nesa kuma kada ka ƙirga musu layi, domin daga nesa, balle da magariba, baƙi da fari toka-toka suke komawa. Masana ma sun fi karkata ga cewa ƙudaje masu cizo ratsin ya fi ruɗawa: a 2019 masanin dabbobi Tim Caro da abokan aikinsa sun lulluɓe dawakai da mayafi mai ratsi a Ingila, ƙudajen suka rage sauka a kansu.

Daga ƙarshe ka ɗauko busasshen buroshi, ka ja ciyawa ruwan ɗorawa ta haye ƙafafun, ka ja da baya taku biyar ka duba.