Yadda za ka tantance ƙuri'ar jin ra'ayi da labaran yaƙin neman shugabancin ƙasa

Kafin ka yarda da kowace ƙuri'ar jin ra'ayi, fara neman wanda ya biya kuɗinta, da adadin mutanen da aka tambaya, da hanyar da aka bi aka same su. Idan mutum 1,000 ne, sakamakon na iya kaucewa da kusan maki 3 sama ko ƙasa, don haka tazarar maki 2 tsakanin 'yan takara ba ta nuna wanda ke gaba.

Hanyar tambayar ce ta fi ruɗar jama'a. Gabanin zaɓen 2023 wasu ƙuri'un da aka yi ta waya ko manhaja sun sa Peter Obi a gaba, amma da INEC ta bayyana sakamako Tinubu ya samu kusan miliyan 8.8, Atiku miliyan 7, Obi miliyan 6.1. Manomin Jigawa da ba shi da babbar waya ba ya cikin lissafin da aka yi ta manhaja. Duba kuma yawan waɗanda suka ce ba su yanke shawara ba; jaridu kan ɓoye su a ƙarshen labari. Sannan rinjaye kaɗai bai isa a ci zaɓe ba, sai da kashi 25 cikin 100 na ƙuri'u a jihohi 24.

Ga gidajen watsa labarai kuwa, san mai gidan. NTA ta gwamnati ce, TVC na da alaƙa da Tinubu. Ɗauki labaran mako guda, ƙirga mintocin da kowane ɗan takara ya samu, ka lura da wa aka bari ya yi magana da bakinsa.