Yadda Za Ka Gane Ko Ka Gaji Bijirewar Jiki ga Insulin

Insulin shi ne sinadarin da ke kai sukari daga jini zuwa cikin tsoka, kuma a ciwon sukari nau'i na 2 jiki kan daina amsa masa yadda ya kamata. Gado yana da hannu a ciki, domin a 2014 an gano cewa sauyi a ƙwayar gado mai suna TBC1D4 yana hana tsokar wasu mutanen tsibirin Girinland, da ke kusa da Kanada, jan sukari bayan cin abinci.

Ka fara da tambayar iyaye da 'yan'uwanka na jini ko akwai mai ciwon a cikinsu. Daga nan ka duba bayan wuyanka da hammata, saboda fata mai duhu da kauri a wuraren nan alama ce da bai kamata a raina ba, balle idan tumbi ya fito.

Ka je asibiti a auna jininka bayan awa 8 ba ka ci komai ba; idan sakamakon ya kai 126 mg/dL sau biyu, ciwon ya tabbata. Idan kana ɗauke da sikila, lallai ka sanar da likita, domin tana iya jirkita sakamakon HbA1c, wani gwajin jini na daban da ake auna ciwon sukari da shi.