Yadda ake rubuta rahoton binciken ingancin gwajin gano cuta

Idan aka turo mini rahoton binciken wani sabon gwaji in duba kafin a buga, fensir nake fara ɗauka in ƙirga mutane. Nawa aka ɗauka, nawa aka yi wa sabon gwajin, nawa aka yi wa gwajin ma'auni da ake dogara da shi, nawa kuma suka rage a jadawalin ƙarshe. Sau da yawa lissafin ba ya haɗuwa. Abin yana ci mini rai, domin da waɗannan alƙaluman likita zai ce wa mutum lafiyarka ƙalau, tashi ka tafi gida.

Kafin ka rubuta kalma ɗaya, nemi jerin sharuɗɗan STARD, wato ƙa'idojin abin da ya kamata irin wannan rahoto ya ƙunsa, ka ajiye a gabanka. Ya fara fitowa a 2003 da sharuɗɗa 25, aka sabunta shi a 2015 ya zama 30, kuma Patrick Bossuyt na Jami'ar Amsterdam ne ya jagoranci aikin. Ni na fi so ma a karanta shi tun ranar da ake tsara binciken, domin abin da ba ka rubuta a lokacin gwaji ba, ba za ka tono shi daga baya ba.

Fara da faɗin yadda ka samo mutanenka. Shin duk wanda ya zo da alamun cutar ka ɗauka bi da bi, ko kuwa ka haɗa waɗanda ciwon ya riga ya kwantar da su da wasu lafiyayyu garau? Hanya ta biyu tana ƙawata gwaji. Binciken Lijmer da abokan aikinsa a mujallar JAMA a 1999 ya nuna irin wannan tsari yana kambama ma'aunin inganci kusan ninki uku. Mai tsananin ciwo da mai cikakkiyar lafiya ba su da wuyar bambancewa. Wanda ke tsakani shi ne yake wahalar da likita.

Sai wurin da na fi tsayawa: sakamakon da bai fito sarai ba. Layi ya yi dishi-dishi, samfur ya lalace, na'ura ta ƙi karantawa. A ce mutum 50 ne ke da cutar a bincikenka. Gwajin ya kamo 36, ya kuskure 4, na mutum 10 kuma bai nuna komai ba. Idan ka zubar da goman nan shiru, sai ka rubuta cewa gwajin yana kamo kashi 90 cikin 100. Idan ka lissafa su cikin waɗanda bai kamo ba, kashi 72 ne. Ka faɗi yawansu, ka faɗi abin da ka yi da su. Zana tafiyar mahalarta daga farko zuwa ƙarshe, kowa da inda ya fita da dalilinsa, sannan ka kawo jadawali mai gida huɗu, wanda ke jera sakamakon sabon gwajin da na gwajin ma'auni, da ainihin adadin mutane a ciki, don mai karatu ya sake lissafin da kansa.

Kada ka bar kaso tsirara. Mutum 36 cikin 40 kashi 90 ne, amma tazarar tabbaci ta kashi 95, wato iyakokin da ake sa ran ainihin kason yana cikinsu, tana faɗawa daga wajen 76 zuwa 97, kuma mai karatu yana da hakkin ganin wannan faɗin.

Ka bayyana ko wanda ya karanta sabon gwajin ya san sakamakon gwajin ma'auni, da tsawon lokacin da ke tsakanin gwaje-gwajen biyu, tunda ciwo yana iya warkewa ko ya ƙaru a tsakani. Idan ba kowa aka yi wa gwajin ma'auni iri ɗaya ba, faɗi.

Akwai kuma maganar makin da ka yanke ya raba mai cuta da mara cuta. Na taɓa duba wani rahoto da makin ya yi daidai ƙwarai har na yi shakka. Da na tambayi marubutan, sai suka amsa cewa sun gwada maki da dama bayan sun ga sakamako, suka zaɓi mafi kyau. Ba haramun ba ne, amma dole a rubuta hakan ɓaro-ɓaro, domin makin da aka ɗinka wa mutanen bincike ɗaya ba kasafai yake zama daidai a wani asibitin ba. Na mayar musu da rahoton, na nemi su ƙara jimla ɗaya a sashen hanyoyin bincike da ke cewa an zaɓi makin ne bayan an ga bayanan.